Yadda Nake Zuba Kankare Mai Jure Wuta a Tanderun Masana'anta

Daren da aka fara kunna wuta a tanderun farko da na yi wa bangon ciki da hannuna, ina tsaye a bayan ƙofarsa sai na ji wata ƙara kamar an harba bindiga a cikin ganga. Ba a jima ba aka sake yin wata. Da aka kashe wutar tanderun ya huce, muka shiga da fitila, muka tarar bango ya ɓare falle-falle, wani ɓallen ya fi tafin hannu biyu faɗi, ƙarafan riƙo sun fito fili. Aikin kwana tara ya lalace cikin awa uku. Kankaren kuwa mai kyau ne, an yi shi ne don ya ɗauki zafin digiri 1,400 na ma'aunin Salsiyos, amma lokacin da ya fashe ma'auni ko 400 bai kai ba. Masu wurin suna gaggawar komawa aiki, aka buɗe wa wutar hanya tun daga farko, ruwan da ke cikin bangon ya tafasa ya rasa ta inda zai fita.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni abin da ya fi kashe irin wannan kankare, ruwa nake ce masa: wanda aka zuba fiye da kima wajen kwaɓi, da wanda aka kora da garaje wajen busarwa. Zan bi aikin daga zaɓen kaya har zuwa kunna wuta, kamar yadda nake yin sa.

Abin da ya sa kankaren gini ba zai yi ba

Simintin da ake gini da shi, wato simintin Fotlan da Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, da ruwa yake ƙulla ƙarfinsa. Ruwan yana shiga jikinsa ya zauna. Idan zafi ya kai digiri 100, ruwan da ke kwance a ƙananan ƙofofin da ke jikin kankare yakan fara tashi. Daga wajen 300 ƙarfinsa ya fara raguwa sosai, wani lokaci ma za ka ga launinsa ya koma ja-ja. Tsakanin 400 da 550 wani sinadari na farar ƙasa da ke cikinsa yakan saki ruwansa ya koma ƙonanniyar farar ƙasa. Wannan ne mugun wurin, domin da zarar kankaren ya huce ya shaƙi danshin iska, ƙonanniyar farar ƙasar nan takan sake shan ruwa ta kumbura. Shi ya sa za ka ga daɓen da ya sha wuta yana tsaye lafiya yau, bayan kwanaki ya fara marmashewa shi kaɗai.

Tsakuwa da yashi ma suna da nasu ciwon. Yashin rafi da tsakuwar giranait cike suke da ma'adinin kwaz, shi kuwa kwaz a digiri 573 yakan kumbura farat ɗaya ya tsaga abin da ke kewaye da shi. Tsakuwar dutsen farar ƙasa ta fi haƙuri, amma daga wajen 800 ita ma ta fara ƙonewa.

Duniya ta ga wannan ƙarara a watan Nuwamba na 1996, lokacin da gobara ta tashi a ramin jirgin ƙasa da ya bi ta ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. Kankaren ramin mai ƙarfi ne ƙwarai, mai matsattsen jiki, kuma matsewar ce ta cuce shi: tururi ya rasa mafita, bango ya yi ta ɓarewa har a wasu wuraren kusan duk kaurinsa ya tafi. Abin da ya faru da tanderuna ke nan, sai dai nasu ya fi girma.

Simintinsa da tsakuwarsa

Kankare mai jure wuta yawanci da simintin alumina ake yin sa; alumina kuwa sinadarin da ake ciro alminiyam daga cikinsa ne. Wani Bafaranshe mai suna Jules Bied, ma'aikacin kamfanin Lafarge, shi ya yi masa rajista a 1908. Ana narka dutsen boksait, wato tamar alminiyam, da dutsen farar ƙasa tare, a niƙa. Bambancinsa da simintin gini shi ne ba ya barin waccan farar ƙasar da ke kumbura bayan ƙuna. Yana zuwa hawa-hawa: mai alumina kashi 40 cikin 100, baƙi-baƙi ne saboda ƙarfen da ke cikinsa, akwai mai 50, akwai mai 70 da mai 80 waɗanda fari ne fat. Yadda aluminar ta ƙaru, haka jure zafinsa ke ƙaruwa. Mai kashi 40 da tsakuwar da ta dace yakan yi aiki har wajen digiri 1,200 zuwa 1,300. Mai 70 ko 80 da tsakuwar tsantsar alumina yana kaiwa kusan 1,800.

Sai dai siminti ɗan kaɗan ne a cikin buhu. Tsakuwa ce mafi yawa, ita ce kuma ke fuskantar wutar. Akwai gasasshen yumɓu da ake kira shamot, akwai gasasshen boksait, akwai ma'adinin andalusait, akwai silikon kabaid, wani tsakuwa mai tsananin tauri da ake haɗawa a masana'anta. Don ƙaramin aiki akan farfasa tsohon bulon tanderu mai tsabta a tankaɗe shi a yi tsakuwa da shi. Na sha ganin wanda ya nemo simintin alumina mai kyau ya kwaɓa shi da yashin rafi. Wannan ya yi asarar simintinsa, domin a 573 yashin zai yi abin da ya saba.

Kayan iri biyu ne a aikace. Mai nauyi, shi ke tare wuta da gurza da narkakken ƙarfe, amma zafi yana ratsa shi. Marar nauyi, wanda ake yi da ma'adinai marasa nauyi irin su famikulait ko falait, ko kumburarren yumɓu, shi ke hana zafi isa ga farantin ƙarfen da ya lulluɓe tanderu ta waje, amma ba shi da ƙarfi, da farce ma kana iya karce wani. A tanderu mai zafi sosai dukansu ake sawa: marar nauyi a jikin faranti, mai nauyi a fuskar wuta.

Akwai kuma rabon da ƙungiyar ASTM ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin ingancin kaya, ta yi gwargwadon yawan kalsiyam oksaid, sinadarin farar ƙasa da siminti ke kawowa cikin haɗin. Wanda ya haura kashi 2.5 shi ne na gargajiya. Daga 1 zuwa 2.5 mai ƙarancin siminti ne, ƙasa da haka kuma akwai mai ƙanƙanin siminti da wanda babu siminti a cikinsa sam. Mai ƙarancin siminti ya fi ƙarfi a cikin wuta, ya fi daɗewa, amma ba ya yafe kuskure. Wanda bai taɓa zuba wannan kankare ba, shawarata ya fara da na gargajiya.

Gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da maimaitawa: kada a ɗauki simintin alumina a zuba ginshiƙi ko bim mai ɗauke da nauyin gini don kawai an ji yana saurin ƙarfi. A wuri mai ɗumi da danshi, tsarin cikinsa yakan sauya a hankali, ƙofofi su buɗe, ƙarfinsa ya ragu. A 1974 rufin wurin ninƙaya na wata makaranta a Stepney da ke Landan ya rufto saboda haka, kuma bayan nan aka daina yarda da shi a ginshiƙai da bim a Birtaniya. A cikin tanderu wannan ba damuwa ba ce, domin farantin ƙarfe ne ke ɗauke da bangon.

Tambayi wurin kafin ka tambayi buhu

Mutane sukan zo mini da lamba ɗaya tak: tanderunmu yana kai digiri kaza. Lambar nan rubu'in magana ce. Ina so in san mene ne zai taɓa bangon, ko hayaƙi ne, ko toka, ko narkakken ƙarfe. Ina so in san ko wani abu zai riƙa gurzarsa. Ina so in san ko wutar kullum a kunne take, ko kuwa kunnawa ake yi da safe a kashe da dare, domin yawan zafi da sanyi ya fi zafi mai ɗorewa wahalar da bango.

Ɗauki masana'antar siminti. A tsakiyar doguwar gangar da ke juyawa, inda kilinka, wato dunƙulen da ake niƙawa ya zama siminti, ke nuna a digiri 1,450, bulo ake jerawa, galibi na magnesiya. Kankare mai jure wuta yana aiki ne a inda bulo ke wahalar jeruwa: bakin gangar, murfin kanta, jikin bututun da ke hura wuta, injin sanyaya kilinka, da hasumiyar ɗumama garin dutse. A hasumiyar zafin bai kai na gangar ba, amma akwai gishirin alkali da ke shiga jikin bango ya kumbura shi, kuma gari yana manne masa ya toshe hanya. Shi ya sa a nan akan zaɓi mai silikon kabaid, wanda gari ba ya kama shi sosai.

A masana'antar ƙarfe, narkakken ƙarfe yana wajen digiri 1,500 zuwa 1,600. Magudanar da yake bi idan ya fito daga babban tanderun narka tama, da haɗin alumina da silikon kabaid da kabon ake zuba ta, saboda kashin maƙera da ke yawo a samansa ya fi ƙarfen kansa cin bango. Manyan tukwanen ɗaukar ƙarfe, tsakiyar murfin tanderun lantarki, da tanderun sake ɗumama ƙarfe kafin a murza shi, wanda ke aiki wajen 1,200, duk suna shan wannan kankare.

Alminiyam shi ne ke yaudarar mutane. A digiri 660 yake narkewa, sai mutum ya ɗauka kowane kankare zai yi. Amma narkakken alminiyam yana tsotsuwa cikin ƙofofin bango, ya ci silikar da ke ciki, wato sinadarin yashi, ya haifar da wani tauri mai tsirowa kamar ƙari har ya tsaga bangon. Dole a nemi wanda aka sa wa maganin hana alminiyam jiƙa shi.

A matatar mai, sashen da ke farfasa mai mai nauyi da garin sinadari yana aiki wajen digiri 700 ne kawai, amma garin yana gudu kamar guguwar yashi dare da rana. A nan akan yi waldar ragar ƙarfe mai ido shida-shida a jikin faranti, a cusa kankare mai tsananin tauri a idanun, kaurinsa bai wuce milimita 25 ba. Haka tukunyar tururi mai ƙona gawayi a cikin yashi mai tashi, wadda ke aiki tsakanin 850 da 900: gurza ce matsalarta.

Tanderun ƙona shara, a dokar Tarayyar Turai, dole hayaƙinsa ya kai digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2, wasu sharar masu guba kuma 1,100. Abin da ke cin bangonsa shi ne sinadaran da ke fita daga roba da gishiri. Bututun hayaƙi kuwa matsalarsa ta sanyi ce: inda hayaƙi ya huce, asid yakan sauka a jikin bango kamar raɓa. Inda kuma iskar kabon monoksaid ta yi yawa, sai a nemi kankare mai ƙarancin ƙarfe a cikinsa, domin ƙarfen yakan sa baƙin kabon ya taru a cikin bango ya fasa shi daga ciki.

Har wurin harba kumbo ya kai. A cibiyar Kennedy da ke Amurka, lokacin da aka harba kumbon Discovery a ƙarshen watan Mayun 2008, ƙarfin wutar ya tumɓuke bulo kusan 3,500 daga bangon ramin da wuta ke bi. Da aka zo gyara, ragar ƙarfe aka kafa aka fesa mata kankare mai jure wuta. A ƙananan wurare kuma, daɓen gidan zubi inda narkakken ƙarfe ke fantsama, da ƙofofin tanderu, da keken da ke shiga tanderun gasa tayil, duk aikinsa ne.

Idan ka gama amsa tambayoyin nan, zaɓi wanda iyakar zafinsa ta ɗara zafin aikinka da tazara mai kyau. Amma kada ka haura da nisa don neman kwanciyar hankali. Mai jure 1,800 a wurin da bai wuce 900 ba zai fi barin zafi ya ratsa zuwa faranti, kuma wutar wurin ba za ta taɓa kai shi inda zai gasu ya haɗe jikinsa ba.

Ƙarafan riƙo

Rodin gini ba ya shiga nan. Ƙarfe ya fi kankaren nan miƙewa idan ya ji zafi, marar tsatsa ma ya ninka shi ko fiye, don haka doguwar sandar rodi a cikin bango tsaga shi za ta yi. Abin da ake sawa shi ne gajerun ƙarafa masu siffar V ko Y, muna ce musu anka, a yi musu walda a jikin faranti. Na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 yana yi a matsakaicin zafi, mai lamba 310 yana kaiwa wajen digiri 1,100. Abin da ya haura haka, anka ta yumɓu ake ratayawa.

Tsawon anka ya tsaya wajen kashi biyu cikin uku zuwa uku cikin huɗu na kaurin bango, kada kanta ya kusanci fuskar wuta. A sa wa kan kowace hular roba, ko a shafa mata kwalta. Idan wuta ta zo, robar za ta ƙone ta bar ɗan fili da ƙarfen zai miƙe a ciki. A jera su a karkace da juna, kada su yi layi ɗaya miƙaƙƙe, don tsaga tana son layi. A rufi a matso da su kusa fiye da a bango. Ni kowace anka sai na buge ta da guduma kafin a kafa katakon da za a zuba kankare a ciki. Mai kyakkyawar walda takan yi ƙara tsaf, marar kyau takan yi dum ko ta karye, kuma gara ta karye a hannuna.

Kwaɓi

Fara da buhu. Simintin alumina yana shan danshin iska, yawancin masu yin sa wata 6 zuwa 12 suke ba shi. Buhun da ka matsa ka ji dunƙulen da ba ya murƙushewa da yatsa, ajiye shi gefe.

Injin kwaɓi, shebur, baro, bokiti, duk a wanke su tas. Ɗan ragowar simintin gini ko farar ƙasa yana iya sa kwaɓin ya sandare cikin mintuna tun yana cikin inji. Injin ya zama mai fuka-fukai da ke juya kayan da ƙarfi. Injin ganga na masu gini ba ya iya kwaɓa mai ƙarancin siminti, sai dai ya dunƙule shi, daga nan ne kuma mai inji zai miƙa hannu ga bokitin ruwa. A kwaɓa buhu sukutum, kada a ɗebi rabi, domin a hanya manyan tsakuwa sukan koma gefe guda, gari ya koma gefe guda. A sa takunkumin hanci mai kyau da safar hannu. Ƙurar tana da silika, kuma abin da ta yi wa huhu ba ya gyaruwa.

Ruwan ya zama wanda za ka iya sha. A auna shi da ma'auni kowane kwaɓi, gwargwadon abin da takardar kayan ta ce. Na gargajiya mai nauyi yakan sha wajen kashi 8 zuwa 14 na nauyinsa, mai ƙarancin siminti kuwa 4 zuwa 7 kacal. Marar nauyi yana shan fiye da haka nesa. A juya kayan a bushe na ɗan lokaci, a zuba mafi yawan ruwan, a jira. Jiran nan shi ne inda ake faɗuwa. Mai ƙarancin siminti a minti biyun farko yakan yi kamar ba a sa masa ruwa ba, sai a minti na uku ko na huɗu ya saki jiki ya yi sheƙi. Wanda bai sani ba zai ƙara ruwa a minti na biyu, a minti na huɗu ya ga kayansa sun tsinke. Duk ɗigon da ya wuce kima zai bar rami a cikin bango idan ya tafi, kuma ta ramukan nan ne kashin maƙera da hayaƙi za su shiga. Na fi son in tsaya a bakin inji da kaina in bar wani ya riƙe faibireta, injin da ke girgiza kankare ya zauna.

Ga gwajin da muke yi wa na gargajiya. Dunƙula kwaɓin a hannu, ka riƙa jefa shi sama kamar tsawon taƙi guda kana cafewa, sau da yawa. Idan ya wargaje, ruwa ya yi kaɗan. Idan ya baje ya zubo ta tsakanin yatsu, ruwa ya yi yawa. Wanda ya yi daidai zai zauna a dunƙule, ya ɗan lotsa, fuskarsa ta yi laushi.

Zafin kayan da na ruwan ya zauna wajen digiri 15 zuwa 25. A lokacin tsananin zafi a ajiye buhuna a inuwa, a sanyaya ruwa, a yi zubi da dare ko da asuba. A lokacin tsananin sanyi kuma yakan ƙi kamawa, sai an ɗumama wurin.

Zubawa

Katakon ya zama wanda ba ya shan ruwa, a shafe shi da mai, a toshe duk wata kafa. Idan a kan marar nauyi za a zuba, a rufe fuskarsa da leda ko abin hana tsotso, in ba haka ba zai shanye ruwan sabon kwaɓi. Daga inji zuwa cikin katako kada ya wuce minti 20 zuwa 30. Wanda ya fara kamawa a baro a zubar da shi, ba a farfaɗo da shi da ruwa.

A zuba hawa-hawa, a tsoma faibireta har ta taɓa hawan ƙasa, a zare ta a hankali don kada ta bar rami. Da kumfa ta daina fitowa fuska ta yi sheƙi, ya isa. In aka zarce, tsakuwa za ta nutse gari ya taso. Babban bango a raba shi gida-gida, kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi kowane gefe, a zuba ɗaya a tsallake ɗaya, kuma gidan da aka fara sai an gama shi. Kada a goge fuskar da cokalin birkila har ta yi santsi. Santsin nan kyau ne a ido, amma rufe ƙofofin da tururi zai fita yake yi.

Inda katako ba zai kafu ba akan fesa shi da injin iska. Abin da ya faɗo ƙasa wajen fesawa a share shi a zubar, simintinsa ya riga ya tafi.

Bayan awa kaɗan bangon zai ɗauki zafi da kansa, har ka ji shi a tafin hannu. Na gargajiya a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu, ko a riƙa yayyafa masa ruwa, na awa 24. Mai ƙarancin siminti leda kawai, ba a yayyafa masa. A cikin awa 24 ɗin nan yake samun mafi yawan ƙarfinsa. Sai a cire katako a bar shi ya sha iska aƙalla wani yinin da kwana.

Busarwa

A nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. Bangon da ka taɓa ka ji ya bushe, cikinsa cike yake da ruwa iri biyu: wanda ke kwance a ƙofofi, da wanda ya ƙullu da siminti, wanda ba ya sakin jiki sai zafi ya kai wajen digiri 200 zuwa 350, ragowarsa ma sai wajen 550. Lita ɗaya ta ruwa idan ta zama tururi tana neman wurin lita kusan 1,700. Ka lissafa: tan 10 na kankare da aka kwaɓa da ruwa kashi 6, lita 600 ke nan a cikin bango, kuma duk ta ƙananan ƙofofi za ta fita.

Kowane kaya yana zuwa da jadawalin busarwarsa, kuma shi ne gaba da maganata. Amma yawancinsu kamanninsu ɗaya. A hau a hankali, digiri 15 zuwa 25 a awa, har wajen 120 zuwa 150. A tsaya a nan awa ɗaya ga kowane milimita 25 na kauri. Bango mai milimita 200 ke nan awa 8. A sake hawa da wannan tafiyar zuwa wajen 300 ko 350, a sake tsayawa haka. A hau zuwa wajen 550 ko 600, a tsaya. Daga nan ana iya ɗan ƙara sauri zuwa zafin aiki. Jimilla kwana biyu, uku, wani lokaci fiye. Masu masana'anta ba sa son jin wannan, na sani, kowace awa a tsaye asara ce gare su. Ni dai tun kafin in karɓi aiki nake rubuta kwanakin busarwa a takarda a sa hannu.

Da iska mai zafi ake busarwa, harshen wuta kada ya taɓa bango. Babban bututun wutar tanderu sau da yawa ba ya iya yin ƙasa-ƙasa yadda ake so, don haka akan kawo na musamman mai hura iska da yawa. A bar ƙofar hayaƙi a buɗe don danshi ya fita. Wayoyin auna zafi a sa su kusa da fuskar bango a wurare da dama, har da inda ya fi zafi da inda ya fi sanyi, a riƙa rubuta abin da suka nuna kowane rabin awa. Idan bango mai kauri ne ko mai hawa biyu, a huda ƙananan ramuka a farantin waje ta ƙasa, za ka ga ruwa yana ɗiga, daga baya a toshe su da walda.

Ido kuma yana aiki tare da ma'auni. Tururi mai tashi a hankali alama ce mai kyau. Idan ya fara fita da ƙarfi yana huci, a tsaya a zafin da ake, kada a ƙara ko digiri ɗaya har sai ya lafa, ko da jadawali ya ce lokacin hawa ya yi. Idan wuta ta mutu a tsakiya bango ya huce, ba a komawa inda aka tsaya da gudu, a sake hawa da tafiyar farko. Kuma kada kowa ya tsaya a saitin ƙofa ko ramin leƙe a wannan lokaci. Ɓallen da tururi ya harbo yana iya kashe mutum.

Yawancin kayan yanzu ana zuba musu siraran zaren roba tun daga masana'anta. Zaren yakan narke wajen digiri 160, ya bar hanyoyi kamar gashi da tururi zai bi. Yana taimakawa ƙwarai, kuma irinsa ake sa wa kankaren ramukan jirgin ƙasa tun bayan gobarar da aka sha. Amma na ga bango mai zare ya fashe, don an dogara da zaren an ninka saurin hawa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai tanderu ya sani game da na gargajiya. Tsakanin digiri 800 da 1,000 shi ne lokacin rauninsa: ruwan da ya ƙulla shi ya tafi, gasuwar da za ta haɗe shi kamar tukunyar ƙasa kuma ba ta fara ba sai an haura 1,000. Kada a jibga masa kaya ko a buge shi a wannan tsakanin a hawan farko.

Bayan ya huce

Ranar da aka fara kashe wuta aka shiga, za ka ga ƙananan tsage-tsage kamar zare a fuskar bango. Kada a cike su. Bangon ya ɗan tsuke ne, kuma idan ya sake zafi za su rufe da kansu. In ka cusa musu wani abu, bangon zai rasa wurin miƙewa ya ture kansa. Wadda ke damuna ita ce tsagar da ta haura milimita 3, ko wadda gefenta ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko wurin da na buga da guduma na ji ƙarar rami. A waje kuma, duk inda fentin faranti ya ƙone ko ma'aunin zafi ya nuna tabo, akwai abin da ya faru a bayansa.

Wajen gyara ba a shafa sabon kankare siriri a kan tsoho, zai ɓare a wutar farko. A sare wurin har a kai ga lafiyayyen jiki ko ga faranti, a yi ramin ya fi faɗi ta ciki don facin ya maƙale, a bar aƙalla anka biyu ko uku a cikinsa, waɗanda suka ƙone a sauya su. A share ƙura, a ɗan jiƙa gefen tsohon, a zuba kaya irin na asali. Facin nan, ko faɗinsa bai wuce taƙi biyu ba, jadawalin busarwarsa daga farko yake farawa, daidai da na sabon bango.